Kibiyoyin da Suka Juya wa Malama Baya

A ƙasar da Mai Fenti ya girma, idan mutum ya tsaya a bakin gari ya ɗaga ido, babu abin da zai tare masa gani sai can inda sama ta sunkuyo ta taɓa gonaki. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Ruwan sama ma idan ya sauka, sai ya tsaya yana shawarar ina zai bi. Saboda haka har ya kai shekara arba'in da biyar, abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne tsaninsa na aiki mai matakala goma sha huɗu.

Sana'arsa rubuta alluna. Allon shagon magani, allon makaranta, lambar gida, "Ba a ajiye mota a nan", duk hannunsa ne. Ya fara da wanke wa wasu buroshi da kananzir, har ya zo ya buɗe rumfarsa a bayan tashar mota. Mutum ne marar yawan magana, sai fa in an taɓo fenti. Yana da ƙa'ida guda da ya gada daga wanda ya koya masa aiki: kafin ka tsoma buroshi, je ka tsaya inda mai zuwa zai tsaya, ka dubi wurin da idonsa. Allo na mai zuwa ne. Wanda ya gama sayayya ya fito ba ya waiwayen sunan shago.

Tafiyar minti ashirin a mota daga garin akwai duwatsu uku, tsaye su kaɗai a tsakiyar fili kamar baƙin da aka manta ba a ba su masauki ba. Mutanen gari sun saba hango su, sun ɗauke su kamar gajimare, abin kallo daga nesa. Shi ma haka ya ɗauke su, har ranar da masu safiyo, ma'aikatan awon ƙasa, suka ba shi aikin sabunta lambar wani ginshiƙin siminti da ke ƙololuwar babban. Ya hau yana haki, yana ƙorafi, gwangwanin fenti na dukan cinyarsa. Da ya kai sama ya ajiye gwangwanin ya juya, sai ƙorafin ya tsaya cak.

Ya ga kogi ya zama zare. Ya ga layin dogo ya miƙe har ya ɓace, da garinsu duka a ƙasa kamar an barbaɗa gutsattsarin madubi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne inuwar gajimare. Duk rayuwarsa ya san rana tana lumshewa ta buɗe, amma bai taɓa sanin inuwar tana da baki ba, tana tafiya a kan gonaki a hankali, ta rufe wannan ƙauye ta saki wancan. Aikin minti goma sha biyar ya kai shi har la'asar.

Tun daga nan kowace Asabar yana can, shekara goma sha shida. Ya san duwatsun uku kamar tafin hannunsa. Ƙaramin rabin awa ne, ko da silifas mutum zai hau, kuma daga kansa aka fi ganin faɗuwar rana. Na tsakiyan wani ɓaure ya tsaga shi gida biyu, a gindin ɓauren akwai kwarmin da ruwa ke kwanciya har tsakiyar rani. Babban kuwa awa ɗaya da rabi ne ga mai lafiya, ba igiya, ba rarrafe, sai haƙuri. Sannu a hankali mutane suka fara bin sa: ma'aikatan jinya, ɗaliban jami'a, da wani ma'aikacin banki da likita ya tsorata. Shi ne a gaba wajen hawa, shi ne a gaba wajen sauka, kowa yana bin ƙeyarsa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa bin sa ba, matarsa. Malama yake ce mata, kamar yadda duk unguwar ke kiran ta, don shugabar makarantar firamare ce har ta yi ritaya.

"Ni da Allah ya ajiye a shimfiɗa, me ya kai ni neman tudu?" takan ce. "Ka je ka gaishe min da ƙadangarun, Maigida."

Da ya kai shekara sittin da ɗaya, gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji da tsani da dutse gaba ɗaya. Likita ya sa ranar aiki, ya kuma faɗa masa gaskiya, cewa ko an warke, babban dutsen sai dai kallo na tsawon lokaci. Mai Fenti ya koma gida ya ɗauko farin fenti mai kyau, irin wanda ake zana layin titi da shi, ya yanke shawarar zai bar wa dutsen hanyar da ba ta buƙatarsa.

Mako uku ya yi yana aikin, yana ɗingishi. Ya bi ƙa'idarsa sau da ƙafa. Sai ya tsaya a inda mai hawa zai tsaya ya huta, ya ɗaga ido, dutsen da idonsa ya fara sauka a kai shi zai je ya kankare wa gansakuka, ya zana kibiya mai tsawon kamu biyu. Ba ya barin wuri sai ya tabbatar daga kowace kibiya ana hango ta gaba. A ƙarƙashin kowacce ya sa 'yar lamba, daga ɗaya a gindin dutse har sittin da uku a jikin ginshiƙin masu safiyo. Ya gama ranar Alhamis, Litinin aka yi masa aiki.

Aka dawo da shi gida ƙafa a naɗe, aka zaunar da shi a doguwar kujerar falo, aka tallafe ƙafar da matashi biyu. Sai ruwa ya tsuge, kwana tara ana yi ana ɗaukewa. Babu wanda ya je dutse. Shi kuwa ya ishi gidan da zancen fenti. Ko ya kama? Ko ya yi wa ta talatin da takwas shafi biyu? Dutsen nan na wajen ɓangaren inuwa yana da laima, wataƙila fentin ya kumbura ya ɓare.

Ranar Talata da safe gari ya washe. Malama ta fito daga ɗaki sanye da takalmin motsa jikin da 'yarsu Auta ta saya mata tun bara, lokacin da aka ce hawan jininta na son tafiyar ƙafa. Takalmin ko ƙura bai taɓa gani ba.

"Ina zuwa haka?"

"Duba aikin ɗalibi. Na gaji da jin ta talatin da takwas a kunnena."

"Ki bari sai Asabar, ki bi 'yan asibiti."

"In je yaran da na koya wa baƙi da wasali su riƙa kallona ina haki? Ba da ni ba. Ba kai ka ce hanyar ba ta buƙatar ɗan rakiya ba?"

Lallai ya taɓa faɗin haka, kuma ya yarda da aikinsa. Ya tambaye ta ko ta sha maganinta, ta ce ta sha. Ya sa ta cika gorar ruwa, ya gaya mata inda za ta ce wa mai motar haya ya sauke ta. Da ta fita ya ji wani daɗi yana ratsa shi har cikin ƙafar da ke ciwo.

Ƙarfe tara da rabi wayarsa ta yi ƙara. Da farko iska kawai ya ji, irin iskar da ya sani.

"Maigida," ta ce, numfashinta yana fita da ƙyar, "ka ci amanata."

"Me na yi?"

"Shekara goma sha shida kana kallon wannan abu kai kaɗai."

"Sau nawa na ce ki zo?"

"Cewa ka yi in zo in hau dutse. Ba ka ce in zo in ga duniya ba. Ga makarantata can, har ina ganin yara a fili kamar kiyashi. Ashe rufin ajin 'yan aji huɗu ya yi tsatsa haka, ba wanda ya gaya min?"

Ya yi dariya har ɗinkin ya motsa. Ta ce kibiyoyin duk suna nan fes, ta talatin da takwas ma ta fi kowacce haske. Ba ta yi ɗar ko sau ɗaya ba, daga wannan sai ka hango waccan tana kiran ka. Za ta ɗan zauna ta ci burodinta sannan ta gangaro.

Ya ajiye waya ya jingina. Bai tuna rabon da ya ji zuciyarsa ta yi sanyi haka ba.

Bayan rabin awa ta sake kira. Wannan karon muryarta a daidaice take, irin wadda take yi wa iyayen yara magana da ita idan abu ya ɓaci.

"Maigida, kibiyoyinka sun gudu."

"Kamar yaya?"

"Na duba gabana, na duba hagu da dama. Dutse ne kawai, baƙi da toka-toka. Ko ɗigon fari babu."

Bai buƙaci ta ƙara bayani ba. Abin ya faɗo masa a ka lokaci guda. Kibiya sittin da uku, kowacce a fuskar dutsen da ke kallon gangare, inda mai hawa zai gan ta. Ga mai sauka kuwa duk sun juya baya. Mako uku yana hawa yana sauka a tsakaninsu bai lura ba, don shi ƙafarsa ce ke kai shi gida, ba ido ba. Ya rubuta wa mai zuwa allo, ya manta cewa a dutse kowane mai zuwa mai komawa ne.

"Yanzu ina kike tsaye?"

"Na ɗan gangaro. Akwai wani falalen dutse mai faɗi, sumul, kamar an share. Na ga ya fi ko'ina sauƙi, na bi shi."

Ya san falalen. Yana sauka a hankali kamar titi, yana ƙara tsayuwa ba tare da mutum ya lura ba, har ya ƙare a bakin tsohon ramin da aka taɓa fasa dutse, inda ƙasa ke nesa da tsawon bene shida. Bayan ruwan kwana tara kuma gansakukar da ke kansa ta zama sabulu.

"Malama, ki zauna."

"Ban gaji ba."

"Ki zauna a inda kike, don Allah."

A shekara talatin da biyar na aurensu bai taɓa ba ta umarni sau biyu a jere ba. Ya ji motsin zani, sannan ta ce, "Na zauna."

"Ki juya ki dubi sama. Kina ganin ginshiƙin?"

"Kansa kawai."

"To, ki koma wajensa. Kada ki miƙe tsaye, ki tafi da hannu da gwiwa, kuma duk inda kika ga kore ko baƙi mai sheƙi kada ki taka. Ki sa wayar a jaka, zan jira."

"Tsofai-tsofai da ni za ka sa ni rarrafe."

"Babu mai ganin ki sai shirwa."

Ya riƙe wayar a kunne yana jin ƙarar zik, da gogar jaka a jikin dutse, da numfashinta. Agogon bango ya ci minti bakwai. Sannan ta ce ta dafa ginshiƙin, kuma gwiwar zaninta ta tashi daga aiki.

Ya saki ajiyar zuciya, amma ya san da sauran rina a kaba. Rana ta fara zafi, ruwan gorarta ya kai rabi, ga hawan jini. Ya ce bari ya kira Auta ta nemo 'yan asibiti su hau su taho da ita.

"Yarinya tana bakin aiki za ka ɗaga mata hankali? Kafin su taru su zo su hau, na gasu a nan. Kai da ka san dutsen nan fiye da ɗakinka, faɗa min hanya."

"Ba na ganin abin da kike gani."

"To, bari in tambaye ka. Ba ka ce daga kowace kibiya ana hango ta gaba ba?"

"Haka ne."

"Ashe kuwa in na sauka daidai na waiwaya, zan ga wadda na baro tana kallona. In na waiwaya ban gan ta ba, na kauce."

Ya juya maganar a ransa. Gaskiya ne. Kibiyoyin ba su ɓace ba, suna bayanta ne. Shi zai faɗa mata inda za ta nufa, waiwaye kuma zai gaya mata ko ta yi daidai.

Suka fara. Ya ce ta zagaya bayan ginshiƙin ta hagu, za ta ga wata 'yar tsaguwa tsakanin duwatsu biyu da ba ta yi kama da hanya ba, ta shiga. Ta shiga, ta yi taku ashirin, ta waiwaya. Sittin da uku tana nan. Ta leƙa bayan dutsen da ke gefenta, ga sittin da biyu. Haka suka riƙa yi. Ya rufe ido yana tafiya tare da ita: dutse mai kamar buhun da aka jingine, sai 'yar bishiya mai ƙaya, sai inda za ta zauna ta zuro ƙafa. Ita kuma tana kiran lambobin kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Sau biyu ta waiwaya ba ta ga komai ba, ta koma da baya har farin ya bayyana, ta sake zaɓar wani gefen.

A ta arba'in da biyu ya tsayar da ita.

"Daga nan za ki shiga kwazazzabo. Babu sabis a ciki har sai kin fito a ta ashirin da takwas. Kuma akwai wuri biyu da hanya ta rabu."

"To, yi min shifta."

Ta ciro biro da katin asibitinta, ya faɗa tana rubutawa a bayansa. A ta talatin da takwas ta bi dama, ko da hagu ta fi faɗi. A ta talatin da uku kada ta bi ruwa, ta hau kan dutsen da ya yi kamar benci ta sauka ta bayansa. Ta karanto masa, ya ce daidai.

"Minti nawa ne?"

"Ni ashirin nake yi. Ke ki ɗauki talatin. Sannu ba ta hana zuwa."

"Yau kai ne da karin magana," ta ce, ta kashe.

Falon ya yi tsit. Ya jawo sandunansa, ya ja jiki har bakin taga, ya ƙwala wa maƙwabcinsa Direba kira. Direba tsohon matuƙin babbar mota ne, abokin wasansa tun suna samari, yanzu yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da yake wankewa kullum ko ba inda za shi. Ya leƙo da soso a hannu. Mai Fenti ya faɗa masa a taƙaice.

"Wato ka yi wa mutane hanyar zuwa, babu ta dawowa," in ji Direba. "Ko mu da ba mu yi boko ba mun san titi hannu biyu gare shi."

"Ka yi min dariyar daga baya. Ɗauki ruwan sanyi ka je gindin dutsen ka jira ta."

"In hau in taho da ita?"

Mai Fenti ya dubi tumbin abokinsa. "Mutum ɗaya nake nema a sauko min da shi, ba biyu ba."

Direba ya jefar da soson, ko riga bai sauya ba ya tayar da mota.

Mai Fenti ya koma kujera ya ɗora wayar a ƙirji. Ya ci gaba da saukowa da ita a zuci, yana rage sauri don ya yi daidai da takunta. Arba'in da ɗaya. Arba'in. Ya kai ta ashirin da takwas, ya duba agogo, minti talatin cif. Wayar ba ta yi motsi ba. Ya ce wataƙila ya yi sauri, ya koma ya sake farawa. Ya sake kaiwa. Minti arba'in da biyar. Ya kira, aka ce ba a samun lambar.

Nan tunani ya fara kawo masa abin da ba ya so. Dutsen bencin nan yana da santsi idan an yi ruwa, bai gaya mata ba. Bai gaya mata ta zauna a inuwa ta sha ruwa ba. Ya dubi kofin shayinta da ta bari a kan tebur, da tabarau ɗin karatunta a kan jarida, sai ya gane ba tare da shi ta tafi ba. Yaya za ta karanta abin da ta rubuta a katin? Ya yunƙura ya miƙe kamar akwai inda zai iya zuwa, ciwo ya mayar da shi zaune. Ya lalubo lambar Auta, ya ɗora yatsa a kai.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa.

"Ashirin da takwas," in ji Malama.

Sai da ta ce, "Kana ji na kuwa?" sannan ya iya cewa, "Alhamdulillahi. Minti hamsin da biyar, Malama. Faɗuwa kika yi?"

"Wace faɗuwa? Aiki na tsaya yi."

"Wane aiki?"

"Na sa hannu a jaka neman biro, sai na ji guntayen allin da nake yi wa yaran maƙwabta darasi da su. Na ce tunda ga ni ga duwatsun, me zai hana? Duk wanda na samu kibiyarka a gabansa, na yi masa tawa a bayansa. Na ma koma har ta arba'in da biyu na faro daga can, don kada aikin ya zama rabi da rabi."

"Kin koma sama?"

"'Yan taku ne. Ranar Asabar yaran nan za su zo, kana so su bi falalen da na bi?"

Ya rufe ido da tafin hannu. Dariya ce ta zo masa, amma ta taho da ruwa, ya bar su suka fita tare tunda ba kowa a falon.

"Rubutun fa? Kin bar tabarau ɗinki a nan."

"Shekara talatin ina karanta rubutun 'yan aji ɗaya. Nawa ne zai gagare ni?"

Daga ta ashirin da takwas hanya a buɗe take, tana hango motar Direba a ƙasa kamar ƙwaro. Duk da haka bai bar ta ta kashe waya ba. Ya bi ta lamba bayan lamba, yana jin ƙarar alli a jikin dutse, har allin ya ƙare a ta goma sha ɗaya. Can ya jiyo muryar Direba daga nesa yana cewa, "Sannu da saukowa, Malama. Mijinki ya kusa haihuwa a kan kujera."

Ƙarfe ɗaya saura suka iso. Ya jira ta a bakin ƙofa a kan sanduna, abin da likita ya hana shi. Ta fito daga mota a hankali, zani ya yage a gwiwa, hannuwa fari fat, fuska ta yi jawur da rana. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya sake dubawa.

"Koma ka zauna kafin ka ɓata aikin likita," ta ce.

Ya zauna. Ta kawo roba da ruwan ɗumi ta tsoma ƙafafunta, ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura a dantse. Suka zuba wa lambobin ido tare. Ta juyo masa da shi ya gani da kyau.

"Ya fi na jiya kyau," ta ce. "Kada ka gaya wa Auta, za ta ce ita ta yi gaskiya."

"Ki yafe min, Malama. Da kin ƙara taku talatin a falalen nan…"

"Ban ƙara ba." Ta kurɓi ruwa. "In zan ba ka maki, hawa goma bisa goma. Sauka kuwa sai ka zo da mahaifinka."

Direba, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe ƙyaure.

Bayan sun ci abinci ta leƙa taga ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ta ce alli ba zai kai Asabar ba. Ta tambaye shi ko akwai sauran fenti a rumfa. Ya ce akwai rawaya gwangwani guda, kuma gara rawayan, don kada mai sauka ya rikita ta da ta mai hawa. Ta ce to jibi za ta koma, amma wannan karon Direba zai kai ta ya jira, kuma daga sama za ta faro.

"Fenti ba alli ba ne," ya ce. "In kika cika buroshi zai yi hawaye."

"To, koya min."

Aka kawo kwalin da aka sayo firiji a ciki, aka jingine shi a jikin kujera kusa da ƙafarsa mai ciwo. Ya nuna mata yadda ake tsoma kan buroshi kawai, a share gefe ɗaya a bakin gwangwani, a ja layi da numfashi guda ba tare da an ɗaga hannu ba. Ta ja. Kibiyar ta fito da doro, kanta ya karkace, fenti ya gangaro daga wutsiyarta har kan tayil.

Ya daɗe yana kallon kibiyar.

"Faɗi gaskiya," ta ce.

"Ana gane inda ta nuna," ya ce. "Sake wata."